Baba Rula da Ɗigon Mota Ta Sha Bakwai

Shekara ashirin da shida Baba Rula ya yi a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar garejin wani kamfanin rarraba magunguna, yana rubuta fitar motoci da dawowarsu, amma bai taɓa tuƙa mota ba. Keke yake hawa, baƙi, mai kwando a gaba. In direbobi suka tsokane shi a kan haka, sai ya ce shi dai bai taɓa tara mutane su tura masa keke da safe ba. Sunan nan kuwa wata rula ta ƙarfe ce ta jawo masa, wadda ba ta barin aljihun rigarsa. Kamfani yana sayo masa littafi mai layi, amma layin kamfani bai taɓa gamsar da shi ba, sai ya bi kowane shafi da jan biro ya ja nasa: kwanan wata, lambar mota, direba, inda za a je, mita a fita, mita a dawowa. A da Malam Rula ake ce masa, furfura ce ta ƙara masa girma.

Aikin ba shi da wuya. Direba zai tsaya a ƙofa, ya sauke gilashi, ya dubi mitar da ke ƙirga nisan tafiya, ya faɗi lambar da ƙarfi. Baba Rula zai maimaita ta daga tagarsa, ya rubuta, sannan ya ɗaga sandar ƙofa. Haka ya tarar ana yi, haka ya ci gaba. Motoci talatin da huɗu ne, in aka ce sai ya fito ya leƙa kowace, hantsi zai yi ta ƙarshe ba ta fita ba. Kuma ya san mutanensa. Ya san mai haɗiye lambar ƙarshe, ya san wanda in ya kwana da ɓacin rai sai an tambaye shi sau biyu.

A cikinsu akwai Lallaɓa, mijin ƙanwarsa Auta. Baba Rula ne ya yi masa hanyar aikin shekara goma sha tara da suka wuce, bai kuwa taɓa jin kunyar hakan ba. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake tuƙi: ba ya figar mota, ba ya taka birki da ƙarfi, rami kuma tun daga nesa yake gaishe shi. Sauran direbobi suna cewa ranar da Baba Rula ya ga dama, zai iya wuce shi a kan keke. Lambobi yana karanta su tsaf, haruffa ne dai ba su cika shiri ba. Kullum kafin ya faɗi mita sai ya ce, “Yaya, an tashi lafiya?” Da rana in ya dawo da wuri, su zauna a bencin da ke jikin ɗakin su sha shayi, wani lokaci ba mai cewa komai har kofi ya ƙare.

Littafin mai kuwa yana can ɗaya ƙarshen garejin, a hannun Mai Famfo, wanda ke rubuta litar da ya zuba wa kowace mota. Littafi ne mai maiƙo, shafukansa sun naɗe, Baba Rula ko kallonsa ba ya son yi. Shekara da shekaru littattafan nan biyu suna gareji ɗaya, ba wanda ya taɓa ajiye su a tebur ɗaya.

Sai aka kawo sabon Manaja, mutum mai saurin tafiya da saurin magana, ya ce zamanin takarda ya wuce. Aka ajiye kwamfuta a ɗakin Baba Rula, aka tura ma'aikata takwas horon mako biyu don su koyi wata manhajar lissafi da ake rubuta wa umarni, ita kuma ta zana hoton abin da ke cikin lambobi. Bakwai sun dawo da takardar shaida da labarin abincin da aka ba su. Baba Rula shi kaɗai ya dawo da littafi cike da umarni, kowane an ja masa layi a ƙasa.

Abin da ya ja hankalinsa ba zanen ba ne tukuna, halin manhajar ne. In ya manta waƙafi ɗaya, ko ya buɗe baka bai rufe ba, sai ta ƙi motsi, ta jero masa jan rubutu, ba ruwanta da shekarunsa. A rayuwarsa bai taɓa haɗuwa da abin da ya fi shi tsantseni ba, don haka ya girmama ta. Da yatsa biyu, tabarau a kan hanci, tsakanin fitar motoci da dawowarsu, ya zauna ya shigar da rubutun shekara huɗu. Wata huɗu ya kwashe yana wannan. Daga nan ya daure ya aro littafin Mai Famfo, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a tebur kafin ya ajiye shi, ya shigar da shi ma.

Zanensa na farko na sanduna ne, kowace sanda rana ɗaya ta mako, tsawonta yawan motocin da suka fita. Sandar Litinin ta fi kowace tsawo. Ya buga shi a takarda ya kai gida. Matarsa, wadda ke ɗinki a tsakar gida, ta karɓa ta juya shi sama ta juya ƙasa, ta tambaye shi ko wata huɗun nan duk ya yi su ne don ya gano Litinin ranar aiki ce, don da ita ya tambaya da ta faɗa masa kyauta. Bai ji haushi sosai ba. Ya dai karɓe takardarsa ya sa a kwandon keke.

Na biyu shi ne wanda ya haɗa littattafan nan biyu. Nisan tafiya ya kwanta a ƙasa, yawan mai ya miƙe a gefe, kowace mota ɗigo ɗaya. Da ya danna, sai ga ɗigo-ɗigo sun jeru sun haura kamar masu hawa matakala, wadda ta fi tafiya ta fi shan mai. Amma ɗaya ya ware, ya tsaya can sama shi kaɗai.

A nan ne Baba Rula ya yi abin da ba halinsa ba. Mutumin da ke duba lamba sau uku kafin ya rubuta, farin ciki ya ɗebe shi, bai tsaya ya ga ɗigon wace mota ne ba. Malamin horo ya gaya musu cewa ɗigon da ya ware shi ke da labari, ga shi kuwa ya samu nasa. Ya hango Manaja yana ratsa gareji, ya leƙa ta taga ya kira shi.

Manaja ya sunkuya a kan allon, ya yaba ƙwarai, ya ce irin wannan yake nema tun zuwansa. Sannan ya ɗora yatsa a kan ɗigon.

“Wannan wace mota ce?”

“Yanzu za mu gani, ranka ya daɗe.”

Ya ƙara layi ɗaya na umarni don kowane ɗigo ya fito da lambarsa. Bai manta waƙafi ba, bai manta baka ba. Lambobi suka fito, kuma wadda ke kan ɗigon nan sha bakwai ce, motar Lallaɓa.

Manaja ya sa ya fitar masa da lissafin. Sauran motoci suna shan lita goma sha ɗaya zuwa sha uku a kilomita ɗari. Sha bakwai tana shan goma sha tara, kuma shekara uku ke nan tana haka. Aka kira shugaban kanikawa, wanda ake ce wa Sifana, ya rantse injin lafiyarsa ƙalau, tanki ba ya yoyo. Manaja ya ce to in mota ba ta sha ba, ƙasa ba ta sha ba, ai saura mutum. Kafin a tashi aiki an ba Lallaɓa takardar dakatarwa, an ce ya dawo ranar Alhamis ta sama a yanke hukunci. Ba wanda ya furta kalmar sata, amma har mai shara ya san abin da ake nufi.

Makullan motoci a ɗakin Baba Rula ake rataye su, kowane da ƙusarsa. Lallaɓa ya shigo, ya rataye nasa, ya gyara shi ya daidaita da sauran. Ya ɗan tsaya yana kallon kwamfutar.

“Yaya, an ce kai ka zana.”

Baba Rula ya ce shi ne, amma bai san abin da zai fito ba. Lallaɓa ya gyaɗa kai, ya yi masa sai an jima, ya fita a ƙafa ta ƙarƙashin sandar ƙofa.

Ranar Lahadi da la'asar Auta ta zo gidan. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta gaishe da yayanta yadda ta saba, ta tambayi yara, ta zauna kusa da keken ɗinki tana tsince zaren da ya zuba. Ta ce mijinta kwana uku ke nan bai leƙa waje ba, don maƙwabta sun fara tambayar ko hutu ya ɗauka. Sannan ta ɗago kai.

“Yaya, abu ɗaya na zo tambaya. Kai ka yarda ya ɗiba?”

Amsar kalma ɗaya ce, kuma kowa a tsakar gidan ya san wace ce. Baba Rula bai faɗe ta ba. Cewa ya yi shi ba ya zargin kowa, lambobi ne suka faɗi haka, lambobi kuwa ba su san ɗan'uwa ba. Keken ɗinki ya tsaya. Auta ta ce ta gode, ta ɗauki jakarta, ta bar shayin da aka zuba mata yana tururi.

Gaskiyar magana, wadda ya ɓoye wa matarsa ya kuma so ya ɓoye wa kansa, ita ce ya fara yarda. Kwanakin nan uku ya yi su yana tuno abubuwa yana sake musu fassara: ranar da Lallaɓa ya dawo a makare ya ce taya ce, wata jarka da ya taɓa gani a bayan motar. Shekara goma sha tara na zama benci ɗaya, ɗigo ɗaya ya girgiza su. Da matarsa ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, “Ai da ka ce mata a'a, ko don ta samu barci,” kunya ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya gama cin abinci.

Ranar Litinin, da motoci suka gama fita, ya koma kan allo ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko, wato ya yi wa ɗigon tambayoyi. Ya zana layin Lallaɓa wata bayan wata. A shekarar farko, lokacin yana tuƙa mota ta tara, layin yana kwance a kan sha biyu. Watan da aka sayo sha bakwai aka ba shi, layin ya yi tsalle zuwa sha tara ya zauna a can. Wannan bai wanke kowa ba, mutum yana iya canza hali ranar da ya canza mota.

Ranar Talata ya ba kowane direba launinsa. Nan ya ga wani abu. Kowace shekara Lallaɓa yana tafiya hutun wata guda, wani direba da ake kira Gaggawa ya riƙe masa motar. A watannin nan uku, launin Gaggawa ma yana can sama a kan sha tara, alhali a motarsa sha uku yake sha. Ko dai mutum biyu da ba sa ga maciji sun haɗa baki suna ɗiban mai daidai wa daida, ko kuma laifin yana bin motar, ba direban ba. Baba Rula ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Amma Sifana ya ce injin lafiya. To in ba man ne ya yi yawa ba, ko tafiyar ce ta yi kaɗan? Kamfanin yana da wani babban sito a bayan gari da kowace mota ke zuwa. Ya ware tafiye-tafiyen siton kaɗai, ya zana nisan da kowace mota ta rubuta, zuwa da dawowa. Motoci talatin da uku sun taru a kan kilomita tamanin, wata ta ɗara da ɗaya, wata ta gaza da ɗaya. Sha bakwai kuwa hamsin take rubutawa, duk zuwa, ko wa ke tuƙi. Hanya ɗaya, sito ɗaya, kaya sun isa an sa hannu, amma a wurinta hanyar ta fi gajarta.

Da safiyar Laraba ya zare makulli daga ƙusa ya nufi rumfar da aka ajiye motar. Ƙura ta fara hawa gilashinta. Ya buɗe ƙofar direba, ya tsaya jim, sannan ya hau ya zauna. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya zauna a bayan sitiyari. A kan kujerar akwai matashin da matar Baba Rula ta ɗinka wa Lallaɓa saboda ciwon baya, ga ɗan tawul a naɗe tsaf a gefen giya. Ya murɗa makulli rabi, yadda ya sha ganin ana yi, ƙananan fitilun da ke gaban direba suka kama. Ya kusantar da fuskarsa ga mitar. A gefen lambobin, da ƙananan haruffan da sai mai neman su zai gani, an nuna mil take ƙirgawa.

Ya kira Sifana ya nuna masa. Sifana ya leƙo yana goge hannu, ya ce ai wannan ta hannu ce aka shigo da ita daga wata ƙasa, can da mil suke aiki, kowa ya sani. Baba Rula ya tambaye shi kowa wa. Sifana ya yi ɗan tunani, ya ce to shi dai ya sani, kuma a kan inji aka tambaye shi, ba a kan mita ba.

Mil hamsin kilomita tamanin ne. Shekara uku Lallaɓa yana faɗar abin da idonsa ya gani, ba ƙari ba ragi, Baba Rula kuma yana zuba shi a ƙarƙashin kalmar kilomita da shi da kansa ya rubuta a saman shafi, ya ja mata layi da rula. Ya koma ɗaki ya rubuta umarni ɗaya, a ninka nisan sha bakwai da ɗaya da ɗigo shida. Ya danna. Ɗigon ya sauko ya shige tsakiyar 'yan'uwansa, a kan lita sha biyu, har sai da ya nemi lambar kafin ya gane shi.

Ranar Alhamis Manaja ya saurare shi, ya dubi zanen biyu, na da da na yanzu, ya tambaya cikin sanyin murya ko gaskiya ne direban nan mijin ƙanwarsa ne. Baba Rula ya ce gaskiya ne, don haka kada a yarda da shi, a tura sha bakwai da wata mota sito tare, Manaja ya zaɓi direbobin da kansa. Aka yi haka. Lallaɓa yana zaune a benci, hannu a kan gwiwa, har motocin suka dawo. Manaja da kansa ya leƙa mitocin, ɗaya ta ƙara tamanin, ɗaya hamsin.

Ya tara ma'aikata a tsakiyar gareji, ya ce an janye dakatarwa, kuskuren na'ura ne. Baba Rula, wanda ba ya magana a taro, ya ce a gafarce shi.

“Ranka ya daɗe, na'ura ba ta yi kuskure ba, abin da na ba ta shi ta zana. Ni na rubuta lambar shekara uku ban taɓa tashi na duba ba. Ni kuma na kira ka kafin na san ɗigon wa nake nunawa.”

Daga nan aka watse. A makon nan Baba Rula ya bi motoci talatin da huɗun ɗaya bayan ɗaya ya leƙa mitar kowace, ya ƙara sabon layi a littafi da kwamfuta don a san da me kowace ke ƙirgawa. Ya je gidan Auta ya ba da haƙuri, ta ce ya wuce, ta kawo masa ruwa.

Ranar Litinin sha bakwai ta iso bakin ƙofa a wanke. Baba Rula ya ɗauki biro, ya karkata kunne wajen taga. Gilashi bai sauka ba. Lallaɓa ya kashe mota, ya fito, ya riƙe ƙofar a buɗe ya koma gefe.

“Yaya, an tashi lafiya? Zo ka karanta.”

“Haba, faɗa mini kawai, ai an gyara.”

“Auta ta tambaye ka ko ka yarda na ɗiba, ka ce lambobi ne suka faɗa. To ga su nan. Ka riƙa karɓa daga wurinsu.”

Bai faɗe ta da zafi ba, da ya yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Motoci sun yi layi a baya, wani ya fara danna oda. Baba Rula ya ɗauki littafi ya fito, ya sunkuya cikin motar, ya karanta, ya rubuta a tsaye, layin ya ɗan karkace.

Yau shekara biyu ke nan. Baba Rula ya ƙware, shi ke zana wa kamfani lokacin da taya ke cinyewa da motar da ta kusa neman birki, kuma ba ya nuna wa kowa zane sai ya san sunan kowane ɗigo. Gidajen biyu suna zumunci, yara suna kai da kawowa, wani lokaci ma Lallaɓa yakan zauna a benci ya sha shayi. Amma kowace safiya direbobi talatin da uku suna faɗar lamba ta taga, shi kuwa Baba Rula da ya hango sha bakwai ta taho, sai ya ɗauki littafinsa ya miƙe tun kafin ta tsaya.